Mene ne Ma'anar HUNK? Bayani Dalla-Dalla Ga Masoya Fina-Finai



Duk mai bin labaran jaruman Indiya da na Amurka a intanet ba zai rasa cin karo da wannan kalma ba. Za ka ga an sa hoton John Abraham ko Hrithik Roshan, a ƙasa an rubuta Bollywood hunk. Yanzu har samarinmu sun ɗauka, wani zai ɗora hoton abokinsa a Facebook ya rubuta my hunk, alhali da ya san abin da ya faɗa da ya goge tun kafin kowa ya gani. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu warware ta: me take nufi, daga ina ta zo, wa ya dace ya faɗe ta, kuma da wace kalma Bahaushe zai maye gurbinta.

Ma'anarta a taƙaice

Kalmar hunk tana da ma'ana biyu a Turanci.

Ta farko, wadda ita ce ta asali: babban yanki na wani abu da aka yanko ko aka ɓantaro, musamman abinci. In Bature ya ce a hunk of bread, yana nufin ƙaton ɓarin burodi. In ya ce a hunk of meat, gundumemen yankan nama ke nan, irin wanda mahauci kan sare maka ba tare da ya tsaya gyara shi ba.

Ta biyu, wadda ita ce ta kawo mu: namiji mai ƙirar ƙarfi, faffaɗan ƙirji, murɗaɗɗen damtse, wanda kuma yake da kyan da ke jan hankalin mata. A lura da kyau, sharaɗi biyu ne a haɗe, ƙarfi da kyau. In mutum ƙato ne kawai amma fuskarsa ta tsoratar da yara ce, ba a ce masa hunk. In kuma kyakkyawa ne amma siriri kamar sillen kara, shi ma bai shiga ba.

Yadda ake furta ta

Hanya mafi sauƙi: ɗauki kalmar hankali, ka yanke "ali" na ƙarshe. Abin da ya rage, hank, shi ne kusan yadda Turawa ke faɗa. Da yawanmu kan ce "honk", to honk kuwa hon ɗin mota ne. Wasu kuma kan ce "hunk" da wasalin u kamar a hura wuta, saboda haka aka rubuta ta. Duka biyun ba daidai ba ne.

Asalinta

Ma'anar yanki ta daɗe a Turanci, tun farkon shekarun 1800 ake samunta a rubuce, kuma masu bin asalin kalmomi suna danganta ta da wata kalma ta harshen mutanen Filandas na ƙasar Beljiyam, wadda su ma suke faɗa wa yankin burodi ko nama. Ma'anar namiji kuwa sabuwa ce, a shekarun 1940 ta ɓulla cikin maganar matasa a Ostireliya da Amurka. Yadda abin ya faru ba wuya: mace ta ga namiji cikakke sai ta ce a hunk of a man, wato guntun namiji guda, kamar yadda za ka ga tsoka zalla a faranti ka ce kai, wannan nama ne. A hankali aka yar da sauran kalmomin, hunk ta tsaya da ƙafarta.

Wannan asali yana da muhimmanci, don har gobe warin naman bai bar kalmar ba. In an kira mutum hunk, jikinsa ake yabo. Ba a ce komai a kan ilminsa ba, ko halinsa, ko iya aktin ɗinsa. Shi ya sa wasu jaruman ba sa murna da ita, suna ganin an mayar da su kayan kallo. Turawa ma suna da wata kalmar tsokana, himbo, ga namijin da Allah ya ba jiki da kyau amma kai ba komai.

Yadda ake sa ta a jimla

Suna ce, kuma ana ƙirga ta. Ɗaya a hunk, da yawa hunks. Siffarta hunky.

* He is a hunk. Daidai ne.
* He is hunk. Kuskure, an bar a.
* He is very hunk. Kuskure, sai dai a ce very hunky.
* She is a hunk. Babban kuskure, ba a faɗa wa mace ko kusa.

Akwai kuma hunky-dory, wadda ke nufin komai lafiya lau. Ba ruwanta da ƙwanji, kama ce kawai ta sauti.

Sannan kalma ce ta hira da mujallun nishaɗi. Ƙannena masu shirin WAEC da NECO, kada wanda ya sa ta a wasiƙar neman aiki ko a insha'i. A can sai ka ce well-built ko muscular, su ne masu natsuwa.

Wa ke faɗa wa wa?

Nan ne gizo ke saƙa. A bakin masu harshen, hunk kalmar sha'awa ce. Mafi yawa mace ce ke faɗa a kan namijin da ya burge ta, ko ɗan jarida yana bayyana jarumin da mata ke rububi. Don haka:

In kai namiji ne ka rubuta wa abokinka my hunk, wanda ya san Turanci zai yi maka wata fassara da ba ka nufa ba. In kana son yaba masa ya yi jiki, ce masa you look fit, ko ka tsaya a Hausarka ka ce "Kai mutumina, ka murɗe fa!"

In ke budurwa ce kika rubuta a ƙarƙashin hoton wani jarumi, ki sani kin faɗa a bainar jama'a cewa jikinsa ya tafi da ke. Rubutu a intanet ba ya mutuwa, kuma yayanki da dangin wanda zai aure ki duk suna da waya.

Ba a faɗa wa babba. Ba ka ce wa kawunka hunk ko da shi ne ya fi kowa ƙarfi a garin. Ba a faɗa wa malami, ba a faɗa wa yaro ƙarami.

Inda ta zauna daram shi ne tsakanin mata da miji. Uwargida ta ce wa maigida haka cikin raha, ba wanda ya isa ya ce don me.

Kalmomin da ake rikita su da ita

Hulk: Wannan shi ne koren ƙaton nan na Marvel, wanda Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙira a 1962. Daga irin sunan ne ɗan resilin Hulk Hogan ya samo nasa. Hulk girma ne da ɓarna, babu maganar kyau. Harafi ɗaya ya raba su, amma in ka ce wa mutum hulk ka ce masa basamude ne.

Macho: Asalinta Sifaniyanci ce, ma'anarta namiji. Ta fi nuna hali: mai nuna mazantaka, mai jin shi ba ya tsoro, ba ya kuka. Siriri ma zai iya zama macho. A Ghana kuwa in ka ji an ce macho men, ƙattin 'yan ɗaga ƙarfe ake nufi, kuma sunan ya ɓaci saboda yadda 'yan siyasa ke hayar wasunsu lokacin zaɓe.

Buff da ripped: Siffofi ne na jikin da motsa jiki ya gina. Ripped ya fi tsanani, wato babu kitse ko kaɗan har jijiyoyi sun fito. Waɗannan namiji zai iya faɗa wa namiji ba tare da an ɗaga gira ba.

Six-pack: Layukan tsokar ciki guda shida. An ɗauko sunan daga ƙunshin gwangwanayen abin sha da ake sayarwa shida a haɗe.

Beefcake: Ita ma daga nama ta fito, naman shanu. An fi faɗa wa hotunan maza da aka ɗauka ba riga don a nuna jiki.

Bodybuilder: Ɗan ɗaga ƙarfe mai shiga gasa. Sana'a ce ko wasa, ba yabo ba.

Heartthrob: Wanda zukatan 'yan mata ke bugawa dominsa, ko yana da ƙwanji ko babu. 'Yan Indiya suna da tasu, chocolate boy, ga jarumin soyayya mai sanyin fuska.

To me Bahaushe zai ce?

Na daɗe ina juya wannan, ga yadda na auna su.

Ƙato ya ba da girma, amma babu kyau a ciki, wani lokaci ma zagi ne. In Bakabe ya ce "wanga yaro ƙato na", ba lallai yabo yake ba, wataƙila faɗa yake don yaron ya girma bai san ciwon kansa ba. Ƙaƙƙarfa da majiyi ƙarfi sun ba da ƙarfi kawai. Sadauki da gwarzo da barde na zuciya ne da fagen fama. Jarumi kuwa a bakinmu 'yan kallo ya riga ya zama sunan duk wanda ke jan fim. Santalelen saurayi da zankaɗeɗen saurayi sun kawo kyau da tsayi, amma ƙwanjin ya yi ƙaranci. Gabjeje da jibgege sun yi wajen hulk.

Wadda na ga ta fi kusa ita ce ingarman namiji. Ingarma doki ne namiji, cikakke, mai ƙira, wanda in ya fito a hawan salla kowa sai ya juya. Akwai ƙarfi, akwai kyau, akwai jan ido. Marubutan littattafan soyayya sun daɗe suna amfani da ita in za su siffanta saurayin labari. Kun ga bambancin tunani: Bature ya duba faranti ya ɗauko nama, Bahaushe ya duba turke ya ɗauko doki. Ni dai a kira ni doki ya fi mini a kira ni tsoka.

Su wa ake kira haka a fina-finai?

A Amurka, iyayenmu da yayyenmu sun san zamanin Sylvester Stallone, wanda Rambo ɗinsa na farko ya fito a 1982, da Arnold Schwarzenegger, wanda har yau a nan Komando ake ce masa saboda fim ɗinsa na 1985. Shi Arnold ɗan ɗaga ƙarfe ne tun asali, sau bakwai yana cin gasar Mr. Olympia. A yanzu kuwa Dwayne Johnson da Chris Hemsworth da Michael B. Jordan su ne jaridu suka fi liƙa wa kalmar.

A Indiya abin ya bi mataki-mataki. Dara Singh ɗan kokawa ne da ya shiga fim. Dharmendra ya cire riga a Phool Aur Patthar a 1966, abin ya zama labari, daga baya aka riƙa ce masa He-Man. Sanjay Dutt da Salman Khan suka mayar da ɗaga ƙarfe ado a shekarun 1990, kowa ya tuna Salman da jita ba riga a Pyaar Kiya To Darna Kya na 1998. Hrithik Roshan ya shigo a 2000 da Kaho Naa Pyaar Hai, John Abraham ya biyo, Dhoom ta 2004 ta ɗaga shi. Daga nan sai abin ya zama dole: Shah Rukh Khan, sarkin soyayya da kansa, sai da ya fito da six-pack a Om Shanti Om a 2007, Aamir Khan ya amsa masa da Ghajini a 2008. Masu kallon fassarar Algaita kuwa ba sai an gaya musu Prabhas da Rana Daggubati na Baahubali ba, ko Tiger Shroff na Baaghi.

Kannywood fa?

Abin lura, masana'antarmu ta ɗauki abubuwa da dama daga Indiya, rawa da waƙa da soyayyar mutum uku, amma ba ta ɗauki cire riga ba. Tun daga Sangaya da Wasila har zuwa Izzar So, jarumin fim ɗin Hausa da shadda da hula yake burgewa, ko da ƙananan kaya masu tsafta, da iya kalamai. Ali Nuhu bai zama sarki da damtse ba. Adam A. Zango da rawa da murya ya kama matasa. In za a ba su suna da Turanci, heartthrob ya fi dacewa da su.

Dalilan a fili suke. Akwai kunya, akwai addini, akwai Hukumar Tace Fina-Finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Sannan a fim ɗinmu jiki da zafin fuska sun fi zuwa wajen bos da yaransa. Ku tuna fitowar Shu'aibu Lawan Kumurci da Tijjani Asase, ko Daddy Hikima a matsayin Abale. Ƙarfi a allonmu abin tsoro ne, ba abin soyayya ba. Don haka in ka ga wani shafin Turanci ya rubuta Kannywood hunk, yawanci aron kalma ne kawai, kyakkyawa yake son cewa.

Namu na gida

Kada wannan ya sa a ɗauka ƙasar Hausa ba ta san yabon ƙarfi ba. Fagensa ne daban. Mu nan Kabi, labaran baka suna cewa Kanta kansa da dambe da kokawa ya fara yin suna kafin ya kafa daula. Ɗan Anace ya yi wa Shago da Ɗandunawa waƙoƙin da har yau in aka sa sai tsigar jiki ta tashi. Maƙwabtanmu na Nijar suna gasar kokawa ta takobi tun 1975, kuma Issaka Issaka na Dosso, nan kusa da mu, ya ɗauki takobin sau da dama.

Ga kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada ya ga dubban masunta sun ruga ruwa da homa da gora, ya ga jiki. A bikin watan Maris na 2020, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne, kuma ɗan ƙaramar hukumarmu ta Augie ne ya kamo shi. Kilo 78, nauyin babban mutum ke nan, a cikin ruwa, yana fizga. Haka manoman shinkafa a fadamar Rima, da masu dakon buhuna a kasuwa, da masu tuƙa kwalekwale. Ba wanda ya taɓa biyan kuɗin gidan motsa jiki a cikinsu.

Sai dai ko su ba za a ce musu hunk kai tsaye ba, don kalmar tana buƙatar mai kallo da ke sha'awa. Makaɗin dambe ba kyan Shago yake waƙa ba, abin da hannunsa ke yi yake waƙa. Mu muna yabon ƙarfi saboda aikinsa, kalmar hunk tana yabonsa saboda kyan ganinsa. Wannan shi ne bambancin gaba ɗaya.

Gargaɗi ga masu son su zama hakan

Yanzu a Birnin Kebbi da Argungu, kai har ƙauyuka, za ka ga samari sun zuba siminti a gwangwani biyu sun soka ƙarfe suna ɗagawa. Wannan abu ne mai kyau, ya fi zaman banza nesa ba kusa ba. Inda matsala take shi ne gaggawa.

Jikin da kake gani a fim aikin watanni ne, da mai horarwa, da mai tsara abinci, da fitilu, da kwalliya, wani lokaci har da gyaran kwamfuta. Kuma ba haka suke yawo kullum ba. Henry Cavill ya faɗa da bakinsa cewa sai da ya yi kwanaki yana rage shan ruwa kafin a ɗauki fitowarsa ba riga a The Witcher. Zac Efron ya ce jikin da ya yi don Baywatch na 2017 ya jawo masa rashin barci da ciwon damuwa, har da magungunan fitar da ruwa daga jiki ya sha. Masu kuɗin ke nan da likitoci a gefensu.

To ina ga kai da za ka sayi allura ko ƙwaya a hannun wanda bai san sunanta ba? Magungunan kumbura tsoka da ake kira sitiroyid suna lalata hanta, suna taɓa zuciya, suna hawar da jini, suna rage ƙwayoyin haihuwa, har nono suna fito wa namiji da shi. Ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe kuwa ba tsoka suke sawa ba, kumburi ne da kitse. Ka je neman a ce maka ingarma, ka dawo ana kai ka asibiti. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ke gina jiki muna da shi a gida: wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, nono, fura, isasshen barci, da haƙuri. Lafiya uwar jiki.

A taƙaice

* Hunk: namiji mai ƙirar ƙarfi kuma mai kyau. Asalin ma'anarta babban yanki.
* Ana furta ta hank.
* Ta maza ce kawai, kuma akwai sha'awa a cikinta.
* Kada ka faɗa wa abokinka, ko babba, ko ka sa ta a jarrabawa.
* Ba ɗaya take da hulk ko macho ba.
* Mafi kusa da ita a Hausa: ingarman namiji.

Saura ku. Wace kalmar Hausa kuke ganin ta fi ingarma dacewa? Mutanen Sakkwato da Katsina da Maraɗi, na san kuna da naku, ku kawo mu ji. Wanda kuma ke da wata kalmar da yake gani a labaran fim ba ya gane ta, ya turo, in Allah ya so za mu warware ta a rubutu na gaba.